Man Aro a Fitilar Baba

A tsakiyar damina aka kawo wa Tabita mahaifinta Samaru, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin roba ba ya shiga. Ƙanenta ne ya ɗoro shi a mota daga ƙauye, ya sauke shi a ƙofar shagon ɗinkinta, ya sha ruwa a tsaye ya juya, wai ciyawa na cin gonarsa. Likitan da suka gani ya danna ƙafar Baba Jatau, yatsa ya bar rami, ya saurari ƙirji, sannan ya ja Tabita gefe ya ce zuciyar tsohon ce ta gaji. A rage masa gishiri, a bar shi ya huta, a kuma yi masa abin da yake so. Wannan na ƙarshen shi ya faɗar mata da gaba, don ba yarinya ba ce, ta san abin da likita ke nufi in ya faɗi haka.

Ita kuwa abu ɗaya take so, a yi wa ubanta baftisma kafin ya tafi. Mahaifiyarsu ta karɓi Yesu tun suna ƙanana, ta ja 'ya'yanta duka, amma Baba Jatau ya ce shi a bar shi a kan abin da ya tarar ubansa na yi. Bai taɓa hana kowa zuwa coci ba, ranar Lahadi ma shi yake tashin yara. Sai dai shi bai taka majami'a ba sai ranar jana'izar matarsa, ya zauna a bencin baya da hularsa a hannu. Cocinsu Tabita na Sabon Gari kuwa sau ɗaya ake baftisma a shekara, a ƙarshen damina, lokacin da rafi ke da ruwa. In ta wuce mutum sai baɗi, kuma likita bai yi wa kowa alkawarin baɗi ba.

Ta daɗe tana juya maganar a baki kafin ta tambaye shi ko zai shiga ajin baftisma. Ta shirya wa gardama, har ta tanadi hawaye. Sai ya ce, "Can uwarki ta tafi ko?"

"Can ta tafi, Baba."

"To a sa ni."

Tabita ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Duk Asabar da yamma sai ta rufe shago su hau bas zuwa Sabon Gari. Ajin duk matasa ne, sai Baba Jatau a tsakiyarsu da furfurarsa da sandarsa. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ma sai an kusanto, don haka Tabita take zama a damansa tana maimaita masa abin da Fasto Bernard ya faɗa. Tsohon yana son labari. Na tunkiyar da ta ɓata ya yi masa daɗi ƙwarai. Na mai shuka ma ya yarda da shi, ya dai ce mutumin ba ya tausayin iri, tunda har kan hanya yake watsawa. Komai na tafiya lafiya, Tabita har ta yanko farin yadi.

Ranar da Fasto ya kawo misalin 'yan mata goma ne abu ya rikice. Labari ne da kowane ɗan makarantar Lahadi ya sani. 'Yan mata goma sun fita da fitilu su tarbi ango, biyar sun riƙo mai a kwalba, biyar ba su riƙo ba. Ango ya daɗe bai zo ba har barci ya kwashe su duka. Da aka yi shelar ga shi nan tafe, fitilun marasa mai suka fara mutuwa, suka roƙi ƙawayensu, su kuwa suka ce ba zai isa kowa ba, su je su sayo nasu. Kafin su dawo an shige da masu mai an rufe ƙofa, da suka buga kuma ango ya ce bai san su ba. Fasto ya ce masu man su ne masu hikima, sauran wawaye ne, kowa ya zauna a shirye.

Baba Jatau ya taɓo 'yarsa. Shi har yau Laraba yake kiranta, sunan da ya raɗa mata, ya ce Tabita sunan coci ne.

"Laraba, waɗanne ne masu hikimar?"

"Waɗanda suka riƙo mai, Baba."

"Waɗanda suka hana ɗin?"

"E."

Ya gyara zama. A lokacin muryarsa na nan da sauranta, kuma mai ciwon kunne ba ya sanin yana ɗaga murya.

"Malam Fasto, a garinmu matar da ta hana maƙwabciyarta garwashin wuta, ko ranar sunan ɗanta ba mai taka gidanta. Nan kuma ita ce mai hikima? Sannan shi angon, shi fa ya makara. Ya shanya 'ya'yan mutane a waje har suka yi barci. Da ya iso ya ba da haƙuri?"

Matasa suka fara ƙunshe dariya. Tabita ta matsa masa gwiwa, ya ture hannunta.

"Kuma fitila biyar ba ta haska wa mutum goma hanya? Kowacce ta kama hannun ƙawarta su shiga mana. Wane irin biki ne ma ake rufe ƙofa? Aradu ni ban taɓa gani ba."

Rantsuwa da aradu a cikin ɗakin sujada! Tabita ta ji kamar ta shige ƙarƙashin benci. Fasto Bernard mutum ne mai haƙuri, ya yi murmushi ya ce ai misali ne, ba man gyaɗa ake nufi ba. Man shi ne Ruhu Mai Tsarki a zuciyar mutum, shi kuwa ba a ba da aronsa.

Tabita ta isar masa a kunne. Baba ya tauna maganar, sannan ya ce, "To in ba a aronsa, a kasuwa ake sayar da shi? Ai ka ce sun tura su su sayo."

Fasto ya rufe littafinsa. Ya ce tambayar Baba babba ce, shi ma zai je ya yi tunani a kanta, aka rufe da addu'a.

A cikin bas Tabita ta yi ta faɗa, wai ya ba ta kunya a gaban yara. Amma faɗan na baki ne kawai. Tun tana 'yar ƙarama take jin labarin nan. A wasan Kirsimeti ma an taɓa sa ta cikin masu hikima, ta ɗaga kai ta hana ƙawarta mai, jama'a suka tafa mata. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar kanta dalilin hanawar ba. Yanzu ga tsohon da bai san harafi ko ɗaya ba ya kwance mata abin da take tsammanin a ɗaure yake, ta rasa ta inda za ta kama.

Sai ta shiga neman amsa kamar mai neman magani. Mu mutanen coci kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu iya cewa ba mu sani ba. Baba Oluwole, dattijon ikilisiya, Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari mai sayar da kayan gyaran keke, ya ce mata man nan aikin kirki ne, kowa nasa zai fisshe shi. Shugabar zumuntar mata ta ce addu'a ce da azumi, ta kuma tuna wa Tabita ta yi fashin taro. Wata ɗalibar jami'a mai suna Peace, da ta kawo ɗinkin siket, ta ce, "Haba anti, ai very simple ne. Man shi ne faith, bangaskiya, shi ke nan." Tabita ta kwaso duka ta kai gida ta zube wa tsohon.

"In aikin kirki ne," in ji Baba, "ai ba da man shi ne aikin kirkin. In addu'a ce, ba su duka suka yi barci ba? Wa ya yi addu'ar?"

"To bangaskiya ce, Baba."

"Waɗanda suka fito da fitila suka zauna jiran mutum har barci ya sace su, su ne ba su gaskata zai zo ba?"

Ta tashi ta ba shi wuri. Abin da ya fi ba ta haushi, ba gardama yake yi don ya ci ta ba. Fuskarsa a damuwa take, in ya yi tambaya sai ya zuba mata ido yana jira, da gaske yake tsammanin tana da amsar tana ɓoyewa.

A shekarar nan an yi wahalar kananzir a Zariya. Wata rana Tabita ta bi layin gidan mai tun da safe, rana ta gasa ta, aka tattake mata ƙafa, sai bayan azahar ta dawo da rabin galan. Ko ajiyewa ba ta yi ba sai ga Maman Chisom, maƙwabciyarta ta ɗakin gaba, da kwalba a hannu.

"Tabita, abeg ki taimake ni da kananzir kaɗan. Risho na ya mutu, wake na yana kan wuta, yara za su dawo makaranta."

Da wata rana ce da tuni ta tsiyaya mata ba tare da tunani ba, don haka suke yi a gidan hayan, yau gare ka gobe ga wani. Amma ga Baba a kan tabarma a bakin ƙofa, ya bar abin da yake yi yana kallo. Tabita ta tsaya da galan a hannu kamar an dasa ta. In ta ba da, me ta koya masa? In ta hana, me ta koya masa?

"Zuba mata mana," in ji Baba. "Ko ke ma mai hikima ce?"

Ta zuba har wani ya malale a ƙasa. Maman Chisom ta yi godiya ta tafi, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

"Yanzu ke wacce ce a cikinsu?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba! Wallahi ban sani ba, ka ƙyale ni!"

Ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa. Ita da take son ta ja tsoho zuwa haske, ga shi ita ce kanta ya ɗaure.

Damina ta ja baya, jikin Baba ma ya ja baya. Kumburin ya hau har gwiwa, numfashi ya gajarce, muryar nan mai cika aji ta koma raɗa, sai an kai kunne bakinsa ake jin abin da yake faɗa. Ana saura mako guda a shiga rafi aka kira masu neman baftisma ɗaya bayan ɗaya gaban dattawa a ofishin Fasto. Haka al'adar cocin take, sai an tambaye ka an ji daga bakinka. In tsoho ne mai ciwon kunne ko marar murya, akan bar wani nasa ya shiga ya zama masa kunne da baki. Tabita ta shiga da ubanta, ta zaunar da shi, ta durƙusa a gefensa.

Fasto Bernard ya fara. "Baba, wane ne Yesu a wurinka?"

Ta faɗa masa a kunne, ta kai nata kunnen bakinsa.

"Wanda uwarki ta bi," ya raɗa. "Ta ce bai taɓa yaudararta ba. Ni ban san shi sosai ba tukuna."

Tabita ta ɗago. Dattawa na jira. Ta ga farin yadin da ta riga ta ɗinka, ta ga ƙafar nan mai sheƙi don kumburi.

"Ya ce Ɗan Allah ne, Mai Cetonsa," ta ce musu.

"Amin," in ji dattawa.

"Me ya sa yake son baftisma?"

"Don in tarar da ita," in ji Baba a kunnen 'yarsa. "Kuma don ke ki daina kallona kamar wanda ke tsaye a bakin rijiya."

"Ya ce yana so ya bar tsohuwar rayuwa ya tashi sabon mutum."

Wanda duk zai ce Tabita ta yi ƙarya, to ya fara zuwa ya durƙusa inda ta durƙusa. Ita tela ce, a ganinta rage wa magana tsawo ta yi, ta kama ta a ƙugu don ta zauna daidai. Ni dai na kasa yanke mata hukunci.

Baba Oluwole ya yi gyaran murya yana murmushi, don labarin gardamar aji ya zaga coci. "To Baba, 'yan matan nan goma fa? Kun shirya da su?"

Wannan karon tsohon ya daɗe yana magana, yana tsayawa yana jan numfashi.

"Ki gaya musu har yanzu ina waje tare da biyar ɗin nan. Uwata tana can, ubana yana can, yayyena duka. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu su riƙo mai. In na shiga aka rufe, na ga uwarki, amma na bar tawa uwar tana bugun ƙofa. Ki tambaye su yadda mutum zai ci abincin biki a haka."

Sai yanzu Tabita ta gane. Ashe duk makonnin nan ba 'yan mata yake yi wa faɗa ba. Ta so ta faɗi maganar yadda take, ta rasa ta inda za ta fara, ta kuma san in ta faɗa za a ce a ƙara masa shekara guda a aji.

"Ya ce ya gane," ta ce. "Man ba a aronsa. Kowa ya riƙe nasa."

Dattawa suka ji daɗi. Baba Oluwole har da tafi, ya ce ka ji tsoho ya riga matasa ganewa. Aka miƙo wa Baba Jatau hannu ɗaya bayan ɗaya, yana karɓa yana duban fuskokinsu. Kurma ne amma ba makaho ba ne. Ya yi magana mai tsawo, 'yarsa ta faɗi gajeruwa. Ya faɗi abin da ya sa idonsa ya kawo ruwa, mutane suna dariya. Ya juya ya dubi Tabita, ta sunkuyar da kai tana neman takalminsa. 

Ranar Lahadi bayan sujada ikilisiya ta ɗunguma zuwa rafi ta bayan Hanwa, wasu a bas wasu a acaɓa. Matan zumunta sun sha anko, suna buga tulu suna waƙa a gaɓa. Masu baftisma suka yi layi cikin fararen kaya. Fasto Bernard da Baba Oluwole suka shiga ruwa har ƙugu. Aka ce a fara da tsoho don kada ya gaji da tsayuwa, samari biyu suka riƙe shi ta hammata suka nufi ruwa da shi.

Tabita ta tattare zani za ta bi su. Baba Oluwole ya ɗaga mata hannu daga cikin ruwa.

"A'a, 'yata. Nan ba a shiga wa mutum. Tsaya a gaɓa."

"Ba ya ji, Baba Oluwole! Ba a jin muryarsa!"

"Fasto na da baki, yana da kunne. Koma."

Ta manta da wannan sarai. A cikin ruwa akan sake yi wa kowa tambaya ɗaya, ko ya ba da gaskiya, kuma da bakinsa zai amsa kafin a nitsar da shi. Ta koma cikin mata ta tsaya. Ai kalma ɗaya ce. E kawai zai ce.

Fasto ya sunkuya ya yi magana a kunnen Baba na dama. Tsohon ya waiwayo gaɓa, idonsa ya bi fuskoki har ya sami tata. Ta gyaɗa masa kai da ƙarfi, tana faɗin e, e, da leɓɓanta. Ya dube ta, ya mai da kansa. Fasto ya kai kunne bakinsa.

Aka daɗe. Mata suka kai ƙarshen waƙa suka sake ɗaukowa daga farko, suka sake. Mai tulu ta fara waige-waige. Fasto ya ɗago ya dubi gaɓa, ya sake sunkuyawa ya yi magana, ya sake saurare. Baba Oluwole ya matso shi ma ya kai kunne, ya ɗago fuskarsa a rikice. Can sai aka ga Fasto ya dafa kan tsohon ya yi gajeruwar addu'a, samari suka juyo da shi suka nufo gaɓa. Daga ƙirjinsa zuwa sama a bushe yake.

Wasu mata na baya da ba su ga komai ba suka saki guɗa. Na gaba suka ce a yi shiru. Wata ta ce ai saboda ciwonsa ne aka yi masa ta addu'a kawai, wata ta ce a'a, aljanun gidansu ne suka ƙi ruwa. Waƙa ta watse, kowa na tambayar kowa. Tabita ta kutsa ta tari Fasto da ya biyo su har bakin ruwa.

"Fasto, me ya faru? Me ya yi?"

"Shi ya ce a dakata." Ya yi maganar a hankali yadda ita kaɗai za ta ji, ba kuma da faɗa ba. "Ya ce amsoshin da aka ba dattawa ranar nan naki ne, ba nasa ba. Na ce masa ko bangaskiyar 'yar kaɗan ce ta isa, in dai tasa ce. Ya ce to a bar shi ya duba ya ga ko akwai."

"Ku yi masa haka nan! Don Allah, Fasto, ba zai kai baɗi ba!"

"Ba zan danna mutum cikin ruwa yana cewa a dakata ba, Tabita. Amma na gaya masa ba sai baɗi ba. Duk ranar da ya ce in zo, zan zo, ko a baho ne za mu yi."

Ya koma cikin ruwa, layi ya ci gaba. Tabita ta zaunar da ubanta a gindin wani mangwaro, ta tuɓe masa jiƙaƙƙiyar rigar, ta lulluɓe shi da mayafinta. Kuka take yi da fushi a haɗe, tana goge masa ƙafa da ƙarfin da ya fi kima.

"Kalma ɗaya, Baba. Kalma ɗaya ta gagare ka? Kai ba ka son ganin Mama?"

Ya yafito ta, ta kai kunne.

"Kina kuka kamar an riga an rufe. Ai ina numfashi."

"In aka rufe kafin ka gama dubawar fa?"

"Sai in buga da hannuna. In ya ce bai san ni ba, ni ya faɗa wa. Ya fi mini a kan ya buɗe yana tsammanin ke ce."

Ta ɗago ta dube shi. Ta kasa gane ko abin da ta ji yanzu rashin bangaskiya ne, ko kuwa bangaskiyar ce da kanta, irin wadda ita ba ta taɓa yi ba.

Bayan haka Fasto Bernard yakan zo Samaru lokaci-lokaci, su zauna da Baba a kan tabarma, baki a kunne, kunne a baki, ba mai shiga tsakani. Tabita takan kawo ruwa ta koma shago. Wani lokaci ta hango Fasto na dariya, wani lokaci ta ga ya fito yana sosa ƙeya. In ta tambayi Baba inda aka kwana, sai ya ce ana nan ana dubawa.

Wata safiya bayan an gama girbin dawa, tana shirin fita, ya kama bakin zaninta.

"Kira mini Malam Fasto."

"Ka shirya, Baba? Baftismar ce?"

"Ke dai kira shi. Maganar tawa ce da shi."

Ta ruga wurin mai wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin titi. Aka buga, aka sake bugawa, layi ya ƙi shiga. Ta dawo ta roƙi Maman Chisom ta zauna da shi, ta tari acaɓa zuwa Sabon Gari. Fasto ba ya gida, an ce ya je gaida wani marar lafiya a Unguwar Gabas. Ta bi shi can, ta same shi, suka hau babur ɗinsa. Duk hanya tana tunanin bahon wankinta, ko zai ɗauki tsohon, ko sai ta aro babba.

Tun daga ƙofar gida ta ga mata sun taru a tsakar gida. Maman Chisom ta fito daga ɗakin, idonta ja.

"Bai daɗe ba, Tabita. Yanzu-yanzu."

"Ya ce wani abu? Me ya ce?"

"Yana ta magana, bakin shi na motsi. Na kai kunne, ban ji komai ba. Ba da ni yake ba, ko kallo na bai yi ba."

Tabita ta shiga. Yana kwance yadda ta bar shi, an ja masa mayafi zuwa ƙirji. Ta juyo ta kama hannun rigar Fasto da hannu biyu.

"Me zai gaya maka? Ya shirya ne, ko wata tambayar ce kuma? Fasto, ka faɗa mini. Ya shiga ko bai shiga ba?"

Fasto Bernard ya daɗe yana duban tsohon, idonsa shi ma ya kawo ruwa.

"Ban sani ba, Tabita. Ba ni ke riƙe da ƙofar ba. Abin da na sani, duk abin da ya faɗa a ƙarshen nan, shi ya faɗa."

Ta saki rigar. Ta zauna a bakin katifar ta ɗauki hannun ubanta, bai gama yin sanyi ba.